Babi na Uku: Dokoki da Ladubban 'Yan Badujala a Makarantun Sakandare

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda kiɗan badujala ya shigo ƙasar Hausa ta hannun sojan Turawan mulkin mallaka, da yadda ya bi ta kan 'yan sanda har ya iso makarantun boko. A wannan babi kuwa za a duba dokoki da ladubban da ake sa ran ɗalibi ya kiyaye idan ya shiga ƙungiyar badujala ta makarantarsa. Za a kawo kowace doka tare da dalilinta, domin dokar da yaro bai san dalilinta ba, ba ya kiyaye ta sai a gaban malami.

3.1 Tsarin Ƙungiyar Badujala

Ƙungiyar badujala ta makaranta takan ƙunshi babbar ganga guda, da ƙananan ganguna masu tsarkiya, da bigila, da wasu faifai biyu na tagulla da ake gwarawa. Makarantun da ke da hali sukan ƙara da ƙahonin Turawa masu maɓallai. A gaban ƙungiyar akwai mai sanda, wato ɗalibin da ke riƙe da doguwar sanda mai dunƙulallen kai, wanda da ita yake ba da umurni. A bisansa kuma akwai malamin da hukumar makaranta ta ɗora wa alhakin ƙungiyar.

Aikin ƙungiyar shi ne kaɗa taken ƙasa a taron safe, da yi wa ɗalibai kiɗan maci a lokacin gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, da kuma wakiltar makaranta a faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu da na bikin samun mulkin kai na 1 ga Oktoba. Daga waɗannan ayyuka ne dokokin ƙungiyar suka samo tushe.

3.2 Sharuɗɗan Shiga

Sharaɗi na farko shi ne yardar iyaye. Wannan sharaɗi yana da nauyi na musamman a ƙasar Hausa, saboda Bahaushe ya ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar gado, kuma ya haɗa shi da roƙo. Uban da ya kai ɗansa makaranta don ya yi ilimi ba zai ji daɗi ba idan ya tsinci labarin an ga yaron rataye da ganga ba tare da saninsa ba. Don haka ya wajaba malami ya fahimtar da iyaye cewa badujala horo ce irin ta fareti, kuma babu roƙo a cikinta.

Sharaɗi na biyu shi ne kada kiɗa ya ci karatu. Ɗalibin da sakamakon jarrabawarsa ya fara ja da baya akan dakatar da shi har sai ya gyara. Sharaɗi na uku kuwa shi ne amincewa da kayan kiɗan da malami ya zaɓa wa mutum. Kusan kowane sabon shiga ƙaramar ganga yake so, amma idan kowa ya ɗauki ganga ba a sami ƙungiya ba. Malami ne ke duban ƙarfin yaro da numfashinsa da kunnensa, sannan ya ba shi abin da ya dace da shi.

3.3 Dokokin Filin Atisaye

Doka ta farko a filin atisaye ita ce zuwa a kan lokaci. Dalili kuwa shi ne, a aji idan ɗalibi ya makara kansa ya cuta, amma a badujala rashin mai babbar ganga kaɗai ya isa ya tsayar da kowa. Haka kuma akan tsara lokacin atisaye yadda ba zai ci karo da lokutan salla ba, a kuma sassauta shi a watan azumi, musamman ga masu busa.

Doka ta biyu ita ce kada kowa ya taɓa ganga ko ya busa bigila sai an ba da umurni. Muryar malami ba za ta iya gasa da ganga ko da guda ɗaya ba, saboda haka shiru shi ne hanyar da gyara ke isa kunnen mai kuskure.

Doka ta uku ita ce riƙe awon kiɗa. A tsarin faretin da Nijeriya ta gada daga Ingila, macin sauri kusan taku 120 ne a minti ɗaya, wato taku biyu a kowace daƙiƙa, macin sannu kuwa kusan rabin haka. Dukan babbar ganga mai ƙarfi yana sauka ne tare da ƙafar hagu. Ke nan idan mai babbar ganga ya yi gaggawa ko ya yi nawa, ƙafafun ɗaruruwan ɗaliban da ke maci za su harɗe. Wake ɗaya ne ke ɓata gari.

Doka ta huɗu ita ce zuba ido ga mai sanda. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Bisa wannan lissafi, wanda yake nesa da ganga da mita 170 zai ji dukanta ne bayan rabin daƙiƙa, wato bayan an riga an yi taku guda cur. Haka nan amon da ke dawowa daga bangon azuzuwa ko rumfar filin wasa yakan iso a makare. Mai kiɗan da ya bi wannan amo zai saɓa da 'yan'uwansa, amma motsin sanda kowa yana ganinsa a lokaci guda.

3.4 Dokokin Kula da Kaya

Kayan badujala suna da tsada, kuma makaranta ba ta sayen su kowace shekara. Saboda haka akan rubuta sunan ɗalibi a rajista yayin da ya ɗauki kaya daga sito, a kuma soke idan ya mayar. Ba a yarda a kai kaya ɗakin kwana ko gida ba, ba a kuma ba wanda ba ɗan ƙungiya ba aro.

Ga masu ganga, an hana zama a kanta ko jingina da ita, an kuma hana dukanta da wani icce in ba nata ba. Gangar da aka rufe da fata tana bin yanayi: a lokacin hunturu fatar takan bushe ta ɗaure har ta kai ga tsagewa, da damina kuma ta saki, sautinta ya mutu. Don haka akan sassauta ta bayan an gama aiki, a ajiye ta nesa da rana da danshi da ɓeraye. Gangunan da aka rufe da roba sun fi jure yanayi, amma su ma zafin rana yana lalata su.

Ga masu busa, doka ita ce kurkure baki kafin a fara, musamman bayan cin goro ko alewa ko shan rake, domin guntattakin abinci yakan taru a cikin ƙahon ya yi wari. Bayan an gama sai a tsiyaye ruwan da numfashi ya tara a ciki, a wanke bakin bigilar. Ba a musayar bakin bigila tsakanin ɗalibai ba tare da wankewa ba, saboda gudun yaɗa mura da tari. Wajibi ne kuma a kiyaye ta daga faɗuwa. Bigila ba ta da maɓallai, da leɓe da numfashi kawai ake fitar da sautukanta, waɗanda ba su cika wuce biyar ba ga mai busa na yau da kullum. Idan ta lotsa, waɗannan 'yan sautuka ma sai su gurɓata.

3.5 Ladubban Ranar Fareti

A ranar fareti ana sa ran ɗan badujala ya fito da tufafi wankakku gogaggu iri ɗaya da na 'yan'uwansa, kada ya yi magana ko dariya a cikin sahu, kada kuma ya ɗaga wa 'yan kallo hannu. Idan sandar kiɗansa ta faɗi ana cikin tafiya, ba ya sunkuyawa ya ɗauka, domin na bayansa zai yi karo da shi.

Taken ƙasa shi ne kiɗan da ba a yarda a yi masa ƙari ko kwalliya ba. Wanda aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024, Benedict Odiase ne ya tsara kiɗansa, lokacin yana jagorantar badujalar 'yan sandan Nijeriya. A ranar 29 ga Mayu, 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta maido da taken da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Wannan ya tilasta wa ƙungiyoyin makarantu komawa filin atisaye don koyon kiɗan da aka daina tun kafin a haifi ɗalibansu. Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Wani ladabi mai muhimmanci shi ne kauce wa roƙo. Ɗan badujala ba ya yi wa baƙo kirari, ba ya tsayawa a yi masa liƙi, ba ya kuma ɗaukar kayan makaranta zuwa gidan biki ba da izini ba. A nan ne ya bambanta da yaron makaɗin gargajiya, wanda abincinsa ya dogara ga kyautar da ubangidansa ya samo. Duk da haka sun yi tarayya a wasu ladubba, kamar biyayya ga shugaba da farawa daga ƙaramin aiki kafin a kai ga babba.

3.6 Horo

Horon wanda ya karya doka yakan bi mataki-mataki: gargaɗi, sai hana shi taɓa kaya na ɗan lokaci, sai cire shi daga fareti mai zuwa, daga ƙarshe kuma kora daga ƙungiya. Wanda ya lalata kaya da gangan akan sanar da iyayensa don a gyara. Ya kamata malami ya bambance kuskuren koyo da ganganci, domin yaron da ake tsawata wa a kan kowane kuskuren busa zai daina busawa da ƙarfi, ya koma fakewa a bayan sautin 'yan'uwansa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa dokokin badujala sun kasu gida uku: waɗanda ke kare karatun ɗalibi da mutuncinsa a idon iyaye, da waɗanda ke haɗa kan masu kiɗa a kan awo guda, da kuma waɗanda ke tsare kayan makaranta. A babi na gaba za a duba matsalolin da ke hana wasu makarantu kafa irin wannan ƙungiya ko riƙe ta.