Zaren Da Ke Narkewa Cikin Fuska

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela, ko ya zauna a Gidan Katta, ya san zanen Gobirawa. Wanzami ya tsaga kumatun jinjiri, kwana kaɗan ciwo ya warke, amma tabon yana nan har tsufa. Dalili kuwa, in an ji wa fata rauni, jiki ya kan saƙa wani irin nama mai tauri ya toshe wurin. Likitoci suna kiransa kolajin.

To, wannan hali na jiki shi ne yanzu aka mayar sana'a. A Ikko da Abuja akwai wuraren gyaran jiki inda a ke cusa zare ƙarƙashin fatar fuska da allura, a ɗaga kumatun da tsufa ya sassauta. Zaren yana da 'yan ƙayoyi masu kama nama kamar ƙarangiya.

Shi zare mai narkewa ba baƙo ba ne wurin likitoci. Az-Zahrawi na ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi ɗinki da zaren hanjin dabba. Wajen 1970 Turawa suka ƙera wani a masana'anta, mai suna Dexon. Bayan shekara goma da 'yan kai aka fito da PDO, wanda aka fi sa wa fuska yau.

Ga yadda abin ya ke. Da zaren ya shiga, sai jiki ya ɗauke shi baƙo. Wurin ya kumbura 'yan kwanaki, fararen ƙwayoyin jini su taru, sa'an nan kolajin ya naɗe zaren kamar kube. Ruwan jiki kuwa yana cinsa sannu sannu. PDO ya kan ƙare wajen wata 6, ragowarsa ta fita galibi cikin fitsari. Wani iri, PLLA, ya kan wuce shekara. Abin da ya rage a ciki shi ne siririn tabo, shi ke ɗan riƙe fatar. Amma riƙon ba ya daɗewa. Bayan shekara ɗaya ko biyu fuska ta koma gidan jiya, kuɗi sun tafi.

Ba a nan kaɗai hasara ta tsaya ba. Wadansu fatarsu ta kan lotsa, ko ta yi ƙulluwa, ko bakin zaren ya huda ya fito. In allura ba ta da tsabta, sai ƙurji da mugunya. In mai aikin bai san jiki ba, ya iya taɓa jijiyar da ke motsa fuska, ko matsarmamar miyau da ke gaban kunne. Mu baƙar fata kuwa mun fi Turawa yin tabo mai tsiro, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne.

Saboda haka, malamai, tun da ku a kan tambaya shawara, ku faɗakar da iyalinku. Wadda duk ta nace, to, ta tabbata mai aikin likita ne mai rajista a Majalisar Likitoci ta Nijeriya, zaren kuma NAFDAC ta yarda da shi. Zare ya kan narke, amma tabon da ya bari, ba mai kankare shi. Allah Ya kiyashe mu da-na-sani, amin.