Amsoshin Wasiƙunku: Gigin Tsufa Ciwo Ne, Jinyarsa Sai An Yi Gayya

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Ɗambatta. Ya ce mahaifiyarsa ta haura shekara 75. Yanzu sai ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, ta kira shi da sunan ƙanenta da ya rasu tuntuni, ran nan ma da asuba a bakin rafi aka tsinto ta. Maƙwabta sun fara tsegumi wai maita ce. Matarsa kuma, wadda ke ɗawainiya da ita, ta gaji har tana zancen yaji. Shi ne yake tambaya, mene ne wannan, kuma yaya zai yi?

To malam, Allah ya ba ka ladan haƙuri. Abin da ka kwatanta ya yi kama da gigin tsufa, wato cutar mantuwa. Ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, babu maita ko aljani a ciki. Irin da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayaninsa a 1906. Wani irin kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 55 ne ke fama da shi. Ka ga ke nan ba a kanka farau ba.

Da farko ka kai ta asibiti, don wani lokaci zazzaɓi ko ciwon fitsari kan rikita tsoho, kuma wannan yana warkewa. In ta kama, za a tura ku babban asibiti irin na Malam Aminu Kano. Idan gigin ne, har yau ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, amma kula da hawan jini da ciwon suga yana taimakawa ƙwarai.

Sai batun matarka. Jinyar nan dare da rana ce, ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar yadda gona babba ta fi ƙarfin fartanya ɗaya. Ka tara 'yan'uwa ku raba kwana, kowa da ranarsa, ita ma baiwar Allah ta samu ta yi barci, ta je biki da suna. Wanda ke birni ya aiko da kuɗin magani da sabulu.

Ka sanar da mai unguwa da liman, su yi wa jama'a bayani. Masu shago da 'yan acaɓa su san ta, in sun gan ta a hanya su rako ta gida. A sa takarda mai sunanta da lambar wayarka a jikin zanenta. A rufe rijiya, a kawar da ashana da maganin feshi. In ta yi kuskure kada a yi gardama da ita, kada a ɗaure ta, kada a bar yara su yi mata ature. A ba ta ɗan aikin da ta saba, kamar ɓarar gyaɗa, a riƙa jan ta da hirar da.

Ku kuma maƙwabta, ku tuna kowa ya daɗe zai tsufa. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.