Yadda Ake Sabunta Labarin Gawa Mai Tafiya

Iyaye da yawa suna mamakin yadda yaran yanzu ke son labarin zombi, wato gawar da ta tashi tana farautar masu rai. Wasu na ganin shirme ne kawai. Amma in muka bi salsalar abin, za mu ga akwai magana a ciki.

Asalin labarin daga ƙasar Haiti ne, inda Faransawa suka tara bayi daga Afirka suna noma musu rake, kafin ƙasar ta sami 'yancin kanta a 1804. Mutanen can sun yi imani boka na iya tayar da mamaci ya sa shi aikin gona, ba hutu, ba magana. Wannan shi ne babban tsoron bawa, wato ko ya mutu ba zai huta ba. Amurkawa sun tsinci labarin sa'ad da sojojinsu suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, har suka yi fim ɗin White Zombie a 1932.

A 1968 George Romero ya sake wa labarin kama cikin Night of the Living Dead. Ya cire boka, ya sa gawawwaki suna cin naman mutane, wanda suka ciza kuwa ya mutu, shi ma ya tashi. Tun daga nan aka yi ta maimaitawa har abin ya fara gundurar jama'a. To, yaya za a sabunta shi?

Hanya ta farko ita ce a sake musabbabin annobar. A fim ɗin 28 Days Later na 2002, ƙwayar cuta ce ke haukata mutane, kuma da gudu suke bin mutum. A wasan kwamfuta na The Last of Us na 2013, funfuna ce, irin wadda ke shiga jikin tururuwa ta juya ta yadda take so.

Ta biyu, a sake mai ba da labarin. Max Brooks ya shirya littafinsa World War Z na 2006 tamkar hira da waɗanda suka tsira a ƙasashe daban-daban. M. R. Carey kuwa, a 2014, ya ɗora labarinsa a kan wata yarinya mai suna Melanie wadda ita kanta ta kamu, amma tana tunani, tana son malamarta. Nan mai karatu zai rasa wa zai tausaya wa.

Ta uku, a sake wurin. Mutanen Koriya ta Kudu sun sa nasu cikin jirgin ƙasa a Train to Busan na 2016. A Nijeriya ma C. J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, inda gurɓataccen ruwan sha ya jawo bala'in a wata unguwar talakawa a Legas.

'Yan'uwana ɗalibai, mun ga kullen korona a 2020. Mun san yadda ji-ta-ji-ta ke yaɗuwa, da yadda maƙwabci ke gudun maƙwabci. Wanda zai rubuta irin wannan labari yau, sai ya fara tambayar kansa abin da mutanen garinsu suka fi tsoro, da abin da za su yi wa juna ranar da kowa ke ta kansa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san ciwon da ke damun majinyaci.