Kafin a Kori Yaro Daga Sakandare, a Tanadi Inda Zai Je

A ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗin Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, korar ɗalibi daga sakandare sau da yawa a fadama take samo asali. Tun da aka kammala dam ɗin a 1980, noman rani ya zama abin dogaron gidaje da dama, kuma dashen tumatir da albasa yana faɗowa ne a tsakiyar zangon karatu. Yaro ɗan aji uku zai yi sammako ya tayar da injin ban-ruwa, ya iso makaranta a makare da taɓo a ƙafa, a sa shi tsallen kwaɗo ko a zane shi. Washegari sai ya ƙi zuwa. Idan ya dawo bayan mako biyu an riga an wuce shi a lissafi, kunya ta koma taurin kai, ya fara mayar wa malami magana, wani ma ya faɗa cikin masu shaye-shaye. Ranar da za a kira mahaifinsa a ce ya tafi da ɗansa, makaranta ta daɗe da rasa yaron.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. A 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma tilas har zuwa sakandare, a Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Idan karatu tilas ne, hukumar da ta fitar da yaro daga aji tana da nauyin nuna masa inda zai ci gaba. A Ingila doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma samar wa korarren ɗalibi wurin karatu daga rana ta shida. A nan iyaye ake bari da jigilar, kuma an ga inda wasunsu suka nufa a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Cibiyar gyaran hali ta Kiru kuwa don waɗanda ƙwaya ta yi wa illa aka yi ta, ba ta dace da yaron da laifinsa makara da tsiwa ba.

Kano tana da abin da za ta fara da shi. Hukumar Ilimin Manya, wadda aka kafa a 1980 zamanin Abubakar Rimi, ta san kan koyar da wanda karatu ya kuɓuce wa. Azuzuwan makarantun jeka-ka-dawo a rufe suke da yamma. Sai a buɗe ƙaramin aji bayan la'asar, a bar sunan yaron cikin rajista don kada jarrabawar aji uku ko ta NECO ta wuce shi, a ƙarfafa masa Turanci da lissafi, a kuma yanka ranar da za a duba ko ya isa komawa cikin 'yan ajinsu.

Malamai za su ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma suna da gaskiya: malamin da aka zaga a gaban ɗalibai yana da haƙƙi, sauran yaran ma haka. To ajin yamma ya raba yaron da su, abin da bai yi ba shi ne raba shi da karatu. Wanda ya zo da wuƙa kuwa maganarsa ta wuce makaranta. Wasu za su ce ina malaman, alhali na safe ma ba su isa ba? Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi tana maƙwabtaka da Bagwai, tana tura ɗalibanta koyon aikin koyarwa kowace shekara, amma dole a sa ƙwararren malami a kansu, a biya shi alawus. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ajin ya zama juji, inda shugaban makaranta zai riƙa watsa duk yaron da ya gundure shi. Saboda haka kada hukuncin ya zama nasa shi kaɗai: mahaifi da mai unguwa da kwamitin makaranta su zauna, ofishin ilimi na shiyya ya sa hannu, a rubuta dalili da wa'adi a takarda.