Ginin da Aka Yi Domin Kallon Sama

A harabar Jami'ar Rice da ke birnin Houston na Amurka, daura da makarantar koyon kiɗa, akwai wani gini na al'ajabi wanda James Turrell ya tsara, aka buɗe shi a 2012, shekarar da jami'ar ta cika ɗari. Mai neman surar mutum ko ta dabba ba zai same ta ba, domin shi wannan gwani haske ne kayan aikinsa. Tudu aka tayar mai lulluɓe da ciyawa, aka ɗora masa farin rufi bisa siraran ginshiƙai, aka bar kafa mai kusurwa huɗu a tsakiya. Idan alfijir ya keto ko magariba ta gabato, sai fitilu su riƙa zuba launuka a jikin rufin sannu a hankali, har samaniyar da ake hange ta kafar ta zama tamkar tana sauya launi, alhali kuwa ido ne ke hukunci gwargwadon abin da ya kewaye shi. A ganina, jami'ar da ta keɓe wa ɗalibai mazaunin tafakkuri cikin halittar Ubangiji ta cika musu wani haƙƙi babba.