Ƙaramar Tukunyar Gas: Hatsarinta Yana Wurin Ɗuri Da Wurin Yarwa

Duk wanda ya kewaya gidajen hayar ɗalibai da na ƙananan ma'aikata a Zariya, ko Kano, ko Sakkwato, da wuya ya rasa ganin wata 'yar tukunyar ƙarfe a bayan ƙofa, da murhu ɗaure a kanta. Wannan ita ce ƙaramar tukunyar gas mai cin kilo 3 ko 6, wadda ta kori risho daga ɗakuna da yawa tun da kananzir ya fi ƙarfin aljihun talaka. Ba ta hayaƙi, ba ta ɓata gindin tukunyar miya, ga saurin dafuwa. Amma akwai lokuta biyu da take zama abin tsoro, watau ranar da aka kai ta ɗuri, da ranar da aka ce ta tsufa za a rabu da ita.

Abin da ake ɗurawa cikin tukunyar nan ruwa ne, ba iska ba. Gaurayen iska biyu ne, butan da furofen, waɗanda aka matse har suka zama ruwa, sai an buɗe kan tukunya suke komawa iska. Lita guda ta ruwan furofen kuwa takan zama iska lita kusan 270. Iskar nan ta fi wadda ake shaƙa nauyi, saboda haka idan ta yi yoyo ba sama take tashi ba, kwanciya take yi a ƙasa, ta shige ƙarƙashin gado, wurin da ɗalibi ya shimfiɗa katifarsa. Kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ta kama da wuta. Warin da ake ji ma ba nata ba ne, da gangan ake zuba mata wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya yi gargaɗi.

A kasuwar hatsi, mai gaskiya shi ne wanda ya tula mudu har ya yi gyara. A wurin gas al'amarin ya sha bamban. Ka'ida ita ce kada ruwan ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na cikin tukunya, gama yana kumbura idan ya ji zafi, sauran wurin da aka bari shi ne filin numfashinsa. Tukunyar da aka cika maƙil da sanyin safiya, sa'an nan aka ɗaure ta a bayan babur ko aka bar ta cikin mota a ranar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maiduguri da Sakkwato, ba ta da inda za ta kai abin da ya ƙaru, sai dai ta nemi hanya ta bawul ko ta wurin walda. Don haka mai sayen da ke roƙon a ƙara masa gyara bai san abin da yake roƙo ba.

Sikeli ne kaɗai alƙali a nan. Kowace tukunyar kirki an buga nauyinta na wofi a jikin mariƙinta ko gindinta. Idan an rubuta kilo 5, ita kuma mai cin kilo 3 ce, to, bayan ɗuri kada ta wuce kilo 8. Girgiza tukunya a kunne ba awo ba ne. Bayan an dawo gida kuwa, kumfar sabulu ake shafa wa bakin bawul da mahaɗar murhu. In ta yi ƙwai-ƙwai, akwai yoyo. Mai gwadawa da ashana ya yi ganganci.

Inda ake ɗurin shi ma abin dubawa ne. A unguwanni da yawa akan ga mai shago ya kifa babbar tukunya yana juye wa ƙanana ta tiyo, ga mai suyar ƙosai a gefe, ga janareta yana ruri. Mutanen Kaduna ba za su manta da ranar 4 ga Janairu, 2020 ba, sa'ad da gas ya fashe a wani shago a Sabon Tasha, ya halaka mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Tun daga 2021 hukumar NMDPRA ce ke ba da lasisin wannan sana'a, kuma mai saye yana da ikon ya nemi ganinsa.

Wani tushen matsalar shi ne, a ƙasar nan tukunya mallakar mai girki ce. A Indiya kuwa ta kamfani ce, mutum ya miƙa wofi ya karɓi cikakkiya, kamfanin shi ke da alhakin gwada ta da fid da wadda ta lalace. A nan babu mai wannan alhaki sai mai ita. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta ƙayyade shekara 15 ga rayuwar tukunya, tare da gwaji duk shekara 5, amma ɗalibi kan gaji tukunya daga wanda ya gama karatu, shi ma gado ya yi, ba wanda ya taɓa duba shekarar ƙira da ke jikinta. Fenti sabo yana ɓoye tsatsa, ba ya maganinta, musamman a gindi inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya.

To, idan ta lotsa, ko ta ci tsatsa, ko wa'adinta ya cika, ina za a kai ta? Abin da ya kamata a fara sani shi ne, tukunyar da wutarta ta mutu ba wofi ba ce, cike take da iskar da ba ta da ƙarfin fitowa. Jefa ta a juji hatsari ne, tun da yake ƙona shara ake yi. Kai ta wurin mai walda ya toshe huda ya fi wannan muni. Sayar wa 'yan gwangwan yadda take kuma, ko dai ta fashe a hannun yaron da ya sa mata guduma, ko ta sha fenti ta komo kasuwa. Hanyar da ta dace ita ce a mai da ita babbar tashar ɗuri mai lasisi, inda za a zuƙe sauran gas, a kwance bawul, a cika ta da ruwa domin ya kori iskar da ta rage, sa'an nan a huda ta ko a murƙushe ta yadda ba za ta sake ɗuruwa ba. Daga nan ne ta zama ƙarfen awo.

Akwai kuma wasu 'yan gwangwanaye marasa kauri na murhun tafiya da na masu gyaran firiji, waɗanda aka ƙera don amfani sau ɗaya tak. Bawul ɗinsu bai jure ɗuri na biyu. A Amurka doka ta hana safarar irinsu idan an sake cika su, Jihar Kalifoniya ma ta kafa doka a 2024 da za ta hana sayar da tukwanen furofen na yarwa daga farkon 2028. Wanda ya sayi irin wannan, sai ya ƙone gas ɗin har ƙarshe a fili, ya ware gwangwanin daga sharar da za a cinna wa wuta.