Kaka da Ƙananan Yara a Gure

Gure gari ne a jihar Damagaram. Yana gabas da birnin Zinder, bisa babbar hanyar da ta nufi Difa. Ƙasar Gure ƙasa ce ta rairayi da duwatsu da kwaruruka masu goriba da dabino. Ruwan sama ba shi da yawa a can. A shekara guda akan samu wajen milimita 300, wata shekara ya fi haka, wata shekara ya kasa. Saboda haka kowace zangarniyar hatsi tana da daraja wurin mutanen ƙasar.

A ƙarshen watan Satumba ruwa yakan ɗauke. Hatsi ya nuna, wake ya bushe, ciyawa ta fara yin fari. Wannan lokaci shi ake kira kaka. Maza suna girbi suna ɗaure damma. Mata suna roron wake, suna tsinkar yakuwa da kuɓewa. Amalanke da jakuna da raƙuma suna kai hatsi bakin rumbu. A cikin watan Oktoba kuma ake buɗe makarantu. Kaka da komawa makaranta tare suke zuwa.

Me ke kawo kaka?

Iska ce ke sauyawa. Da damana iska tana tasowa daga kudu maso yamma, daga wajen teku. Tana ɗauke da danshi, shi ya sa take kawo hadari. Idan kaka ta yi sai wannan iska ta koma kudu. Wata iska ta taso daga arewa maso gabas, daga cikin Sahara. Ita busasshiya ce, ba ta kawo ruwa. Ita ce ke busar da hatsi a gona. Daga baya takan ƙara ƙarfi, ta kawo sanyi da hazo, a shiga hunturu. Mafi yawan ƙurar hazon tana fitowa ne daga wani babban kwari a ƙasar Cadi, mai suna Bodele.

A littattafan Faransanci ana kiran kaka «automne». Akan zana itatuwa suna zubar da jajayen ganyaye, yara suna sanye da rigunan ruwa. Haka kakar Faransa take, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Disamba. Kakar Gure ba haka take ba. A Faransa ruwa yana ƙaruwa da kaka, a Gure kuwa ɗaukewa yake yi. Akwai ma wani icce da ke yin akasin na Turai, shi ne gawo. Gawo yana zubar da ganyensa da damana. Idan ruwa ya ɗauke sai ya sake sabon ganye, ya yi kore shar. Yaron Gure ya kamata ya fara sanin kakar garinsu tukuna, sannan ya koyi ta wasu ƙasashe.

Makarantar ƙananan yara

Makarantar ƙananan yara ita ce wurin da ake kai yara masu shekara 3 zuwa 5, kafin su shiga ajin farko. A can ba a zama bisa benci tun safe har rana. Yaro ƙarami da wasa yake koyo. Yana koyo da hannunsa, da idonsa, da kunnensa, da bakinsa. Abin da ya taɓa, ya ɗaga, ya kira sunansa, shi ne ke zama a kansa.

Kayan wasan kanti suna da tsada, kuma ba su daɗewa. Amma da kaka malama ba ta rasa kayan aiki. Gona da daji suna ba ta kyauta. Akwai kara, akwai tsaba, akwai duma, akwai kaba, akwai rairayi. Abin da ake bukata kawai shi ne a tattara su, a tsabtace su, a san yadda za a yi da su.

Wasan kara

Idan an gama girbi kara yakan cika gonaki. Karan dawa yana da ɓawo mai ƙarfi da ɓargo mai taushi a ciki. Akan ɓare ɓawon, a yayyanka ɓargon gutsi-gutsi. Da ɓawon ake soke gutsattsarin a haɗa su. Da haka ake ƙera mota, da gado, da tabarau, da ƴar tsana. Ɓawon kara yana da kaifi, yana yanka yatsa. Saboda haka babba ne ke ɓarewa, ƙananan su haɗa.

Malama takan ba kowane yaro kara uku. Ta ce: «Wanne ya fi tsawo? Wanne ne gajere?» Yara su jera su, su gwada. A nan suke koyon dogo da gajere, kauri da siriri. Wannan shi ne mafarin lissafi, ko da yake ba a rubuta lamba ko ɗaya ba.

Wasan tsaba

Malama takan zuba wake da gujiya da ƴaƴan kankana cikin ƙwarya guda. Ta ajiye ƙoƙo uku a gaban yara. Aikinsu shi ne su ware kowane iri a ƙoƙonsa. Mai shekara 3 yana warewa. Mai shekara 5 yana warewa yana ƙidayawa: ɗaya, biyu, uku, har goma. Tsintar ƙwaya da yatsu biyu tana ƙarfafa hannu. Yatsun da suka saba tsintar wake ba su shan wuya ranar da suka kama alli.

Wannan wasa yana son sa ido. Yaro yakan tura ƙwaya a hanci ko a kunne. Shi ya sa malama ba ta tashi daga wurin sai an gama, an mayar da tsabar, an rufe ƙwarya.

Rairayi, kiɗa da yawo

Gure ba ta rasa rairayi. Rairayi allo ne wanda ba a saye. Yaro yana zana layi, da da'ira, da rumbu, da raƙumi. In ya ɓata sai ya shafe da tafin hannu ya sake. Kafin yara su zauna, akan share wurin, a cire ƙarangiya da ƙaya da kwalba.

Da busasshen duma ake yin abin kaɗawa. A zuba ƴan tsakuwa a ciki, a toshe bakin da kyau. Yara suna kaɗawa suna rawa, suna kwaikwayon masu sussuka da masu shiƙa. Wasu su zama manoma, wasu su zama tsuntsayen da ake kora daga gona.

Wata rana da safe malama takan fita da yara zuwa gona mafi kusa. Su ga yadda ake yanke zangarniya. Su ga yadda ake ɗaure dami. Su tsaya gindin gawo su dubi sabon ganye. In sun komo kowa ya faɗi abin da ya gani. A Gure akwai masu jin Hausa, da masu jin Barbarci, da Fulatanci, da Tubanci, da Buzanci. Malama takan ɗaga zangarniya ta ce: «Yaya ake kiran wannan a gidanku?» Kowane yaro ya faɗa da harshen uwarsa. Da haka suke gane cewa abu guda yana iya samun sunaye da yawa.

Jarirai fa?

Jariri bai isa zuwa makaranta ba. Da kaka yana bayan uwarsa, ko yana inuwa a bakin gona tare da yayarsa ko kakarsa. Shi ma yana da nasa wasan. Jariri ɗan wata 3 yana bin abu da ido. In an kaɗa masa duma sai ya juya wajen ƙarar. Ɗan wata 6 yana miƙa hannu ya kama ludayi, ya kai baki. Wanda ya fara rarrafe yana son ya sa abu a ƙoƙo ya fitar, ya sake sawa.

Duk abin da jariri ya kama baki yake kaiwa. Saboda haka kayan wasansa su zama manya, masu tsabta, marasa kaifi. Ba a ba shi gyaɗa ko wake ko magarya ko aduwa ya yi wasa da su. Ƙwaya guda tana iya shaƙe shi. Ba a kwantar da shi kusa da tarin kara ko damma, don kunama da maciji suna son irin wurin. A shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a yi masa magana, a yi masa waƙa. Jaririn da ake yi wa magana yana jin kalmomi tun kafin ya iya faɗinsu.

Abincin kaka

Watannin ƙarshen damana su ne mafi wuya. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Yara da yawa sukan rame a lokacin. Kaka ita ce lokacin da ya kamata su murmure.

Daga haihuwa har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ba sai an ba shi ruwa ba. Bayan wata 6 sai a fara ba shi kunu, ana ci gaba da ba shi nono. Kunun hatsi zalla yana cika ciki, amma bai isa gina jiki ba. In an ƙara garin wake ko tunkuzar gyaɗa ko madara, kunun ya fi amfani. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci mai yawa lokaci guda. Gara a ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Kafin a ci, kowa ya wanke hannu da ruwa da sabulu.

Zazzaɓin kaka

Kaka lokacin murna ce, amma a cikinta ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Ga dalili. Sauro yana yin ƙwai a ruwan da ke kwance. Cikin kwana goma ko makonni biyu ƙwan ya zama sauro. Duk damana sauro yana ƙaruwa. Idan ruwa ya ɗauke tafkuna ba su ƙafewa nan da nan. Macen sauro tana cizo da dare, ta sa ƙwayar cutar a jini. Bayan mako guda ko biyu zazzaɓi ya bayyana. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 su ne cutar ta fi kashewa, don jikinsu bai saba da ita ba.

A shekara ta 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Sahel shawara su riƙa ba yara maganin rigakafi a watannin sauro. Nijar ta fara wannan aiki a shekara ta 2013. Maganin na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59. Ana shan shi kwana uku a jere, sau ɗaya a wata, daga tsakiyar damana zuwa kaka. Wanda ya sha na rana ɗaya ya bar sauran biyun bai samu cikakkiyar kariya ba. Maganin kuma bai hana kwana cikin gidan sauro ba.

In jikin yaro ya yi zafi, ko ya ƙi cin abinci, ko ya kwanta ya bar wasa, a kai shi likita a ranar. Ba a jira sai gobe. In yana fizge-fizge ko yana amai ba tsayawa, a gaggauta ko da dare ne.

A watan Nuwamba sanyin safe yakan fara. Hazo yana kawo mura da tari da ciwon ido. A sa wa yara riga da hula da safe, a shafa musu mai don kada fatarsu ta tsage. A yi hattara da wutar jin ɗumi, don mai rarrafe bai san wuta ba.

Aikin yayye

Malama guda ba ta iya yin kome ita kaɗai. Iyaye kuma suna gona tun safe. Ɗan makaranta mai shekara 9 ko 10 yana da babban aiki a nan. Shi ke raka ƙaninsa makaranta. Ita ke goyon ƙanwarta da maraice. Yaya yana iya ƙera wa ƙaninsa motar kara. Yana iya koya masa ƙidaya da wake. Yana iya tuna wa uwarsu cewa yau rana ta biyu ce ta maganin. Da dare ya duba ko an cusa gidan sauro ƙarƙashin tabarma. In ya taɓa goshin ƙaninsa ya ji zafi, ya gaya wa manya nan take. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manomi yana tsaron hatsinsa har ya shiga rumbu. Haka ya kamata a tsare ƙananan yara har kaka ta wuce lafiya.

Tambayoyi

1. Daga ina iska take tasowa da damana? Daga ina take tasowa da kaka?
2. Mene ne bambancin kakar Gure da kakar Faransa?
3. Yaushe gawo yake yin sabon ganye?
4. Me yaro yake koyo a wasan kara da wasan tsaba?
5. Don me ba a ba jariri gyaɗa ko magarya?
6. Me ya sa zazzaɓin cizon sauro yake yawa da kaka?
7. Waɗanne ayyuka uku yaya zai iya yi wa ƙaninsa?

Aiki

Kowane ɗalibi ya ƙera abin wasa guda da kara ko duma ko kaba. Ya rubuta sunansa da Hausa da Faransanci. Ya nuna wa ƴan aji, sannan ya kai wa ƙaninsa ko ƙanwarsa a gida.